Baƙon Bangon Gabas

Ranar da Allah ya karɓi ran kakana ina Gwaram, gidan aurena, ina shanya wanki. Kafin in sami mota in iso Birnin Kudu har an kai shi makwancinsa an dawo. Haka ake yi, haka kuma ya dace, ban ga laifin kowa ba. Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma. Abin da na yi ta maimaitawa ke nan a mota har bakina ya bushe.

Na tarar da maza jere kan tabarmi a ƙofar gida, mata kuma sun cika tsakar gida har bakin rijiya. Kowa da abin da yake faɗa a kan mamaci. Da na durƙusa gaida maza na ji wani tsohon direba yana cewa duk shekarun da Kaka ya yi yana jan babbar mota ko akuya bai taɓa takewa ba. A ciki wata maƙwabciya ta ce ba ta taɓa jin muryarsa ta ƙetare katanga ba. Amma duk wanda ya yabe shi, in ya zo ƙarshe sai ya rage murya ya ƙara da abu guda: "Sai dai larurar nan tasa ta duwatsu." Wata tsohuwa da ban ma san daga inda aka kwaso ta ba ta kama hannuna ta ce, "Yi haƙuri 'yar nan, Allah ya sa abin da ya same shi a ka ya zama kaffara."

Na zare hannuna. Da ba zaman makoki ake yi ba, da ta ji abin da ba ta zo ji ba. Kakana kansa ƙalau yake har ranar da ya bar duniya, ya ma fi da yawa daga masu zaman tabarmin nan hankali. Duwatsu yake tarawa, iyakar laifinsa ke nan.

Na wuce ɗakinsa don in yi kukana ni kaɗai. Ina ɗaga labule na tsaya cak. Ɗakin da ba a shiga sai mutum ya duba inda zai sa ƙafa, an share shi tas an yayyafa ruwa. Ko tsakuwa babu.

Baffana, ƙanen mahaifina, shi ne babba a gidan yanzu, don mahaifina ya riga kowa tafiya tun ina ƙarama, a hannun Kaka na tashi. Na tare Baffa a bakin zaure.

"Baffa, ina duwatsun?"

"Ke ma dai! Ina za a shimfiɗa shi a yi masa wanka, ɗaki cike da tarkace? Na sa samari sun kwashe a baro sun zuba a bayan gida, bakin kwazazzabon nan. Sun ma yi rana, dama ruwa yana cin gindin katanga."

"Har da na bangon gabas?"

"Wane ne kuma na gabas? Dutse ai dutse ne."

Ban zarge shi ba, don ba mugunta ya yi ba, gawa ce ke jiransa. Amma akwai amana a kaina. Zuwana na ƙarshe, da jikin Kaka ya fara nauyi, ya riƙe gefen mayafina ya ce, "Maisuna, sauran in sun ɓata sun ɓata, akwai irinsu a duniya. Amma Baƙo, kada ki bari ya shiga cikin duwatsun banza. In ya shiga, ba mai sake gane shi." Na ce masa to, har da tsokana, na ce ya bar mini gadon dutse alhali wasu gonaki ake bar musu. Maisuna yake kirana domin sunan matarsa aka sa mini, kakata, wadda duk gidan muke kira Tsohuwa. Bai taɓa iya kama sunan nan da bakinsa ba, tana raye ko bayan ta rasu.

Baƙo wani baƙin dutse ne da bai wuce dunƙulen hannu ba. In ka ɗauke shi sai ka ji ya fi girmansa nauyi. Jikinsa sumul, da 'yan lotsa-lotsa kamar an danna babban yatsa a ɗanyen yumɓu, gefe guda kuma ya ɗan ɓantare, cikin toka-toka ne da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli. Tsohuwa ce ta tsince shi tun tana amarya, can wajen Kwandiko, garin iyayenta. Lokacin girbi ne, rana tsaka, sama tas babu ko gajimare, tana kan hanyar kai abinci gona. Sai ta ji ruri kamar mota tana hawa gada, alhali babu titi a wajen, sannan wani fito, sannan tim a cikin gonar wake, ƙura ta tashi. Ta ajiye akushi ta je ta tona da kara. Kaka yakan ce, "Mutane suna cewa irinsu da zafi suke saukowa. Ita ta ce sanyi gare shi kamar daga gindin randa aka ciro shi. Ni kuma maganarta na riƙe, ita ce ta taɓa."

Ba wanda ya gani sai ita. Da ta kai gona ta ba da labari maza suka yi ta dariya, har da angon nata. Ba ta sake zancen ba. Ta zo da dutsen ta riƙa danne faifan ƙwaryar fura da shi saboda kaji, haka ya yi ta aiki har ta tsufa. Bayan an kai ta makwancinta, Kaka ya ɗauke shi daga kan faifan ya shiga da shi ɗaki. Wata rana ya buɗe tsohon rediyonsa yana gyara, mayen ƙarfen da ke bayan lasifika ya manne a jikin dutsen. Ya ce mini a ranar ya zauna ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'izarta, don ya tuna dariyar da ya yi mata a gona.

Daga nan abin ya fara. Dama tun yana tuƙi, in ya je ɗaukar kaya can ƙasar Gombe inda ake fasa dutsen siminti, yakan karɓo wasu duwatsu masu siffar dodon koɗi a hannun leburori ya kawo wa yara su yi wasa. Sai ya bi gida ya tattaro su, daga ƙarƙashin gado, daga bayan rumbu. Ya shiga tambayar direbobi, da masu haƙar rijiya, da manoma. Kafin a ankara ɗaki ya cika.

Masu cewa tarkace ba su taɓa tsayawa sun duba ba. Kowane dutse da mazauninsa. Bangon kudu na 'yan ruwa ne: dodon koɗin dutse, wasu nannaɗe kamar gammo, da ɓawon kawa da ya daskare, da wani haƙori guda da ya ce na kifi ne. Yakan ɗaga ɗaya ya ce, "Wannan a ruwa ya rayu, ruwa mai yawa, a inda yanzu ake rabon ruwa a jarka. Ikon Allah ya wuce inda muke zato." Bangon yamma na 'yan daji ne, guntayen itace da suka zama dutse, ga zanen icen nan kana gani amma gatari ba ya kama shi. Bangon arewa kuwa, wanda ya fi kowane cika, na maƙaryata ne. Nan yake ajiye duk wanda ya zo da kamar na sama amma ba shi ba ne: marmara, da kashin maƙera, wato dattin ƙarfen da mutanen da suka narka, da gatarin aradu, wanda ya ce ba ruwan aradu da shi, hannun mutum ne ya wasa shi. Ba ya zubar da maƙaryata. Ya ce da su yake gane na gaskiya.

Bangon gabas Baƙo ne kaɗai, a kan wani faifai, faifan Tsohuwa. Gefensa fili ne fetal, kullum a share. Na taɓa ce masa, "Kaka, ka matso da wasu nan mana, ga wuri a banza." Ya ce, "Na 'yan'uwansa ne, in sun zo." Har ya rasu ba wanda ya zo.

In an kawo masa dutse, yana da yadda yake yi, ba ya gaggawa. Ya auna shi a tafin hannu. Ya juya shi ya duba ko da ƙofofi, don ya ce na sama ba ya yin ƙofofi kamar burodi. Ya sako mayen ƙarfensa da ya ɗaure da zare ya ga ko zai karkata. Sannan ya goga shi a gindin fasasshen farantin tangaran ya duba launin zanen da ya bari. In ya gama sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ɗan gida ne." Ya miƙe ya kai shi arewa.

Sau ɗaya na ga ya saɓa wa wannan tsari. Wata mata ce ta zo daga Sundimina da ƙafa, da goyo, ta kwance dutse daga bakin zane. Ta ce mijinta da ya rasu ne ya tsinto shi, kullum yana cewa daga sama yake, kishiyar uwarta ma har ta ce ta jefar. Ina gefe ina gani, ko ni na san kashin maƙera ne, ga ƙofofi nan kamar saƙar zuma. Kaka ya auna, ya juya, ya goga. Ya tashi ya ɗora shi a gabas, gefen Baƙo. Ya sa na kawo mata abinci, ya ce mata mijinta mutum ne mai ido, ba kowa ke duban ƙasa in yana tafiya ba. Da ta tafi na ce, "Kaka, yau kuma kai ne da ƙarya?" Ya ce, "Me na faɗa da ba gaskiya ba? Ta yi tafiya mai nisa. Bari ya kwana nan, gobe ya koma wajen danginsa." Washegari kuwa na gan shi a arewa.

Wannan ɗakin ne aka kwashe a baro kafin in iso.

Tun washegarin rasuwa na fara nema. Mayen ƙarfen na same shi rataye a ƙusa a bayan ƙofa, shi kaɗai ya tsira. Da zarar masu gaisuwa sun ɗan tsagaita sai in zagaya bayan gida in tsuguna a kan tulin, in ɗauki dutse, in sako zare, in ajiye a gefe. An haɗe su duka, 'yan ruwa da 'yan daji da maƙaryata, wasu sun gangara cikin kwazazzabo sun shiga cikin duwatsun wurin da shara. Maƙaryatan nan kuwa sun ci sunansu, don da yawansu suna jan mayen ƙarfe. Sau nawa gabana ya faɗi, in goge dutse da bakin zane, sai in ga ƙofofi. Mata suna leƙowa ta katanga. Na ji wata tana cewa, "Ikon Allah, ashe abin gado ne."

Ranar sadakar uku Gwaggo, yayar Baffa, ta sa aka ɗora manyan tukwane. Da duwatsun murhu suka yi kaɗan sai ta aika aka ɗebo daga tulin. Ina shigowa na ga babban itacen dutsen da Kaka ya fi so a yamma yana tallafe da tukunyar shinkafa, ya yi baƙi ƙirin. Kafin in buɗe baki, wani farin dutse mai dodon koɗi a ciki da ke ƙarƙashin ɗaya tukunyar ya fashe, tau! Tukunya ta karkata, mata suka watse suna salati, wata ta bar takalminta. Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce, "Ni dama na san duwatsun nan ba su kaɗai ba ne!" Na ce, "Gwaggo, ba aljanu ba ne, dutsen farar ƙasa ne, ba ya son wuta." Ta harare ni ta ce, "To malama." Na yi dariya har hawaye ya zubo, daga nan kuma dariyar ta ƙare hawayen bai tsaya ba. Da Kaka yana nan, shi kaɗai zai gane abin da ya ba ni dariya.

Cikin masu zaman makoki akwai wanda na ƙi ɗaga ido in kalla, Baba Liman. Taubashin Kaka ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, tare suka tashi, shi ne kuma limamin masallacin unguwa. Shi ya yi masa wanka, shi ya sallace shi. Tun ina yarinya na san su kullum bayan la'asar a kan dakalin ƙofar gida suna tsokanar juna, wannan ya ce wa wancan direban da ya fi motarsa tsufa, wancan ya ce liman mai dogon karatu ranar da ake sauri. Sai ga shi shekarun ƙarshen nan dakalin ya zama na Kaka shi kaɗai.

Ga abin da ya faru. Wata shekara Kaka ya ƙone a hannu, aka naɗe masa, likita ya ce kada ruwa ya taɓa wurin. Sai ya koma taimama. Ɗaki cike da duwatsu, amma wanda hannunsa ya kai gare shi Baƙo ne. Ya ɗauki kwanaki a haka. Wata rana ya fito da shi kan dakali lokacin la'asar, ya dafa shi ya shafa fuska, Baba Liman yana zaune, da wasu dattawa da ke jiran salla.

Baba Liman ya ce, "Tsaya. Da wannan kake taimama?"

"Da shi. Akwai wanda ya fi shi tsarki?"

"Ba maganar tsarki ba ce. Da ƙasa aka ce, ko abin da yake jinsin ƙasa. Kai kuma da bakinka ka ce wannan ba ɗan nan ba ne. In daga sama yake, ni dai ban san hukuncinsa ba, abin da ya fi shi ne ka rama sallolin nan. In kuwa dutsen gonar wake ne kamar kowane, to sallarka ta yi. Sai ka zaɓa."

Dattawan nan suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Yau Malam ya ƙure direba!" Wani ya ce, "Ka ce na gona ne kawai ka huta." Ina cikin zaure da buta a hannu, ina jin komai.

Kaka ya miƙe. Ya shiga ciki ya mayar da Baƙo kan faifansa, ya ɗauko wata marmara daga arewa ya sake taimama, ya bi jam'i. Da ya dawo ya shimfiɗa buzu ya fara ramuwa. Ya rama su duka, da ciwon gwiwarsa, bai bar ko ɗaya ba. Na ce, "Kaka, wasa fa yake yi maka, taubashinka ne." Ya ce, "Maisuna, in na ce na gona ne, na ce ta yi ƙarya. Na yi mata dariya sau ɗaya tana raye. Ba zan ƙara ba tana kabari."

Ba su yi faɗa ba. Suna gaisawa, yana bin sa salla, in an yi haihuwa ko rasuwa suna zama tabarma ɗaya. Hira ce kawai ta mutu. Baba Liman ya zo dakali sau biyu ko uku, Kaka ya amsa gaisuwa ya yi shiru, shi ma ya gaji ya daina zuwa. Ni kuwa na ɗora wa Baba Liman laifin duka, na riƙe shi a raina, ban ɓoye ba.

Bayan na yi aure na koma Gwaram, kaɗaicinsa ya ƙaru. Baffa yana Kano yawancin lokaci wajen kasuwancinsa, yaran gida kuma suna tsoron ɗakin. In na zo sai in same shi a dakali da mayen ƙarfe a hannu yana lilo da shi, yana kallon masu wucewa. Wani zuwa na nuna masa a waya wasu mutane a wata ƙasa mai nisa suna yawo a hamada da sanda mai mayen ƙarfe a baki, suna tsintar irin Baƙo, suna jera su a kan katako. Ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido, ya sa na maimaita masa har cajin ya kusa ƙarewa. Ya ce, "Dubi yadda yake juya shi. Ƙofofi yake nema." Can kuma ya ce, "Ashe muna da yawa. Nisa ne ya raba mu." Ya miƙo mini wayar, bai sake neman gani ba. Wannan maganar ta daɗe tana ci mini rai, har yanzu ma.

Da aka yi bakwai mutane suka watse. Baffa ya ce mini ya yi magana da magina, za su zuba ƙasa da siminti a kan tulin kafin ruwa ya sauka, in ba haka ba katanga za ta tafi. Gaskiyarsa ce. Na roƙe shi ya ɗan jinkirta, ya jinkirta, na ci gaba da tonawa har farcena ya kakkarye. Na tsamo 'yan ruwa kaɗan da ba su fashe ba na zuba a kwali. Baƙo dai babu shi. Ranar da magina suka zo na tsaya ina kallo suna zuba ƙasa, na san in yana ciki ya tafi ke nan, ya zama dutsen gindin katanga. Abu ɗaya tak Kaka ya roƙe ni a duniya, ga shi ban iya ba.

Da zan koma Gwaram Gwaggo ta ce ba zan tafi ba sai na je na yi wa Baba Liman bangajiya da sallama, tunda shi ya tsaya a kan komai, kuma an ce tun ranar bakwai bai fito ba, wani ne ke jan salla. Na ce ba ni da lokaci. Ta ce in samo shi. Na tafi ina jan ƙafa, da hantsi, jakata a kafaɗa.

Na same shi a zaurensa shi kaɗai a kan buzu, ya rame, carbi a hannu. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi gaisuwar da ba ta wuce leɓe ba. Ina shirin tashi idona ya sauka a gefen buzun. Ga shi nan a kan wani farin ƙyalle, baƙi, da lotsa-lotsarsa, da ɓantararren gefensa.

Ban san lokacin da na ƙarasa ciki ba. "Baba, wannan ai..."

"Shi ne." Bai kalle ni ba. "Da na shiga yi masa wanka na tarar samari suna ta lodi a baro. Na ga ɗaya ya kai hannu gabas, sai na riga shi, na sa a aljihu."

"Baba, kwana da kwanaki ina tonon bayan gida! Mata har sun ce na haukace!"

"An gaya mini. Kullum sai in ce yau zan aika miki, sai in ce bari dai gobe. Ki yafe mini, 'yar nan. Ba wanda ya rage mini da muka yi yarinta tare."

Raina a ɓace yake, da farin ciki, da komai a haɗe, sai bakina ya kuɓuce. Na ce, "Me za ka yi da shi? Kai da ka sa aka yi masa dariya a kansa a bainar jama'a? Kai da ba ka yarda ba?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni.

"Ni ne ban yarda ba? In dutsen gona na ɗauke shi, me zai sa in ce ya rama salla? Kin taɓa jin na sa wani ramuwa don wasa?" Ya ɗora tafin hannunsa a kan dutsen. "Ina gonar nan ranar da ta zo da shi. Kowa ya yi dariya, ni ban yi ba. Na san ta tun tana yarinya, ba ta ƙarya. Duk garin nan, in kin cire shi, ni kaɗai na yarda daga sama yake. Tsoro na ji masa, kada ya je gaban Allah da salla mai shakka. Sai mutanen nan suka yi dariya, shi kuma dariyar ya ji."

"Me ya hana ka gaya masa?"

"Na zaci ya sani. Da na gane bai sani ba, sai na ce bari ya huce. Ina jira ya huce, yana jira in zo, har aka aiko in je in yi masa wanka."

 A waje wani mai ruwa yana tura kura yana buga jarka. Na tuna Kaka a dakali yana cewa nisa ne ya raba su da masu irin ra'ayinsa, alhali tsakanin dakalin nan da wannan zaure gida huɗu ne.

Baba Liman ya naɗe dutsen a cikin ƙyallen ya turo mini da hannu biyu. "Ɗauki. Ke ya bar wa."

Na dubi ƙullin, na dubi zauren. Ban da buzu da buta da littattafai babu komai a ciki. Abin da Kaka ya ce shi ne kada Baƙo ya shiga inda ba mai gane shi. Na buɗe jakata na ciro faifan Tsohuwa, wanda na tsinta a bayan rumbu inda samari suka wurga shi, na shimfiɗa a gindin bangon gabas. Na kwance ƙyallen na ɗora Baƙo a kai, na ajiye mayen ƙarfen a gefe.

Na ce, "Ya zauna nan tukuna. Amma fa ban da taimama."

Ya yi 'yar dariya, ta farko da na ji daga bakinsa cikin shekaru, ya share ido da bakin rawani. "Ni da ruwa nake alwala. Hira kawai za mu yi."

Allah ya yi wa Kaka rahama, ya haskaka masa kabari, ya karɓi sallolinsa, na farko da na ramuwa. Ya sada shi da Tsohuwa a inda ba a yi wa mai gaskiya dariya. Duk zuwan da na yi Birnin Kudu yanzu, in na sauka a mota gidan Baba Liman nake fara shiga. Nakan same shi bayan la'asar ya jawo buzunsa kusa da bangon gabas, gefen faifan kuma a share.